Tambaya da Amsa: Ina matan suke a kan dawakin sukuwa?

Tambaya: Anti barka da aiki. Ni ma'abociyar kallon wasanni ce a talabijin, kwanaki na tsaya kallon wata babbar sukuwa ta Ingila sai na lura da wani abu, masu jan dawakin suna zagayawa da su kafin a fara da yawansu mata ne, amma da aka zo hawa sai na ga kusan duk maza ne. Na yi wa yayana magana ya ce wai mace ba ta da ƙarfin riƙe dokin sukuwa shi ya sa. Don Allah doka ce ta hana ko maganar Yaya ce gaskiya?

Amsa: Ƙanwata kin yi lura mai kyau, abin da kika gani ɗin nan shi ne ainihin maganar. Yanzu dai a manyan ƙasashen sukuwa irin su Birtaniya, Ailan, Amurka, Faransa, Ostireliya da Japan babu dokar da ta hana mace hawa, kuma sukuwa na cikin wasanni 'yan kaɗan da mace da namiji suke karawa kai tsaye a tsere ɗaya a kan kuɗi ɗaya. Amma fa a da akwai hanin, kuma bai daɗe da kauwa ba. A Amurka sai da wata mai suna Kathy Kusner, wadda ta riga ta wakilci ƙasarta a wasan tsallaken dawaki na Olamfik, ta kai hukumar sukuwa ta jihar Maryland kotu sannan aka ba ta lasisi a 1968. A shekarar dai wata Penny Ann Early ta zo hawa a filin Churchill Downs mazan suka ce in dai da ita su ba za su hau ba, haka aka yi ta rasa damar. Ranar 7 ga Fabrairun 1969 da Diane Crump za ta hau a filin Hialeah na Florida, 'yan sanda ne suka kewaye ta suka ratsa da ita cikin taro har wurin dokinta saboda ihu da zagin da ake mata. Mako biyu bayan nan Barbara Jo Rubin ta ci tsere a Charles Town. A Ingila kuwa sai 1972 aka yarda mata su yi tsere a ƙarƙashin dokokin hukuma, shi ma tsakaninsu su kaɗai aka fara, Meriel Tufnell ce ta ci na farko a filin Kempton.

To yanzu maganar Yaya. Ki gaishe shi ki ce masa dokin sukuwa nauyinsa yana kai kilo 500, yana gudun da ya haura kilomita 60 a awa, shi kuma mahayin da ke kansa bai fi kilo 50 da 'yan kai ba. Babu namijin da zai riƙe wannan dabbar da ƙarfin damtse in ta ƙi. In kin ƙura ido a talabijin za ki ga mahayi ba ya ma zama a kan sirdin, a tsugune yake, likkafa a ɗage sama sosai, kan yatsun ƙafarsa ne kawai a ciki, gwiwa a lanƙwashe, kai dab da wuyan doki, duk nauyinsa a kan cinya da ƙugu. Aikin yana son juriya sosai, ba wasa ba ne ko kaɗan, amma juriyar da horo yake bayarwa ce, sannan sai hannu mai laushi a linzami da doki zai natsu da shi, sai kuma sanin lokaci, yaushe za ki ɓoye dokinki a bayan wasu ya huta da iska, yaushe za ki sake shi, ta wace kafa za ki kutsa in an cushe a kwana. Ko bulalar da ake cewa tana son ƙarfi an taƙaita ta, a Birtaniya tun 2023 sau 6 kawai aka yarda mahayi ya yi amfani da ita a tseren fili, sau 7 a tseren tsallake, wanda ya zarce a hukunta shi.

Wani abin ma da mutane ba sa lura da shi, batun nauyi mata yake taimaka wa. Kowane doki akwai nauyin da aka ƙayyade zai ɗauka, kafin tsere mahayi zai hau sikeli rungume da sirdinsa, in bai kai ba a cusa masa dalma a aljihun shimfiɗar sirdi, in ya wuce kuwa ya shiga matsala. Mazan zamani sun fi na da tsawo da jiki, da yawansu da yunwa suke rayuwa, suna ƙin shan ruwa, suna kwanciya a ruwan zafi don su zubar da gumi kafin awo, har sai da aka rufe ɗakunan tururin da ke filayen sukuwar Birtaniya saboda illar abin. Mace irin Hollie Doyle, mahayiya 'yar Ingila da tsawonta kusan mita ɗaya da rabi ne, ita abinci take ci tana ɗaga ƙarfe don ta ƙara tsoka.

Kuma ba zance na fatar baki ba ne, an yi bincike. A 2018 wata mai nazari Vanessa Cashmore a Jami'ar Liverpool ta bi sakamakon tseren Birtaniya na shekara 14, ta gano mata ne ke riƙe da kashi 11.3 cikin 100 na lasisin ƙwararrun mahaya, amma hawan da ake ba su kashi 5.2 ne kawai, a manyan tsere kuwa abin ya fi haka ƙanƙanta nesa. Da ta yi la'akari da ingancin dokin da aka ba kowa sai ta ga mata da maza kusan kunnen doki suke yi. Nan gizo ke saƙar, ƙanwata. A sukuwa doki ne yake gudu, mahayi komai gwanintarsa ba zai mai da raggon doki zakara ba, to in ana ba ki dawakin da kowa ya san ba za su ci ba, ƙarshen shekara a duba lissafi a ga ba ki ci da yawa ba, sai a ce ai ga shi nan ba ta iya ba, sai a sake hana ki doki mai kyau, haka abin yake ta juyawa. Matan da kika gani suna jan dawakin nan su ne suke tashi da asuba su share barga, su hau waɗannan dawakin su motsa su kullum, sun san halin kowanne, amma ranar tsere da kuɗi ya fito sai a kira wani ya hau.

Tambaya: Malama ina da ja a kan irin wannan magana da ake yawan yi. Masu dawaki 'yan kasuwa ne, miliyoyi suke zubawa, ba ruwansu da mace ko namiji, nasara suke so. Da a ce mata sun kai maza ai da tuni sun kwashe su. Ni a ganina tunda har yanzu ba su yi yawa ba to akwai abin da ya gaza. Ki gafarce ni in na yi kaushi.

Amsa: Malam babu kaushi a ciki, tambaya ce mai nauyi kuma na ji daɗinta. Inda muka rabu da kai shi ne ɗaukar da ka yi cewa mai kuɗi kullum lissafi tsantsa yake bi. Mai doki mutum ne, yana da tsoro yana da abin da ya saba. Ka duba yadda ake rabon hawa, mahayi ba ma'aikacin albashi ba ne, yawancinsu zaman kansu suke yi, ana biyansu kuɗin kowane hawa da wani kaso na kyautar in an ci. Ejan ne yake bin masu horar da dawaki a waya yana nema wa mahayinsa doki, mai horarwa kuma yana duban fuskar mai doki. In mai horarwa ya ɗora sanannen namiji aka faɗi, za a ce doki ne bai yi ba yau. In ya ɗora mace aka faɗi, tambayar farko da mai doki zai yi masa ita ce me ya sa ka ba ta. Don haka ko mai horarwar da ya yarda da ita a zuciyarsa sai ya zaɓi abin da ba za a zarge shi a kai ba, kuma doki mai kyau na gaske a shekara sau nawa ma yake fita, ba mai son ya yi gwaji da shi.

Michelle Payne ta faɗi wannan da bakinta. A 2015 ta ci Kofin Melbourne na Ostireliya a kan Prince of Penzance, dokin da 'yan caca suka sa wa 100 da 1 wato ba wanda ya sa masa rai, ita ce mace ta farko a tarihin kofin da aka fara tun 1861. Tana sauka, numfashi bai gama dawo mata ba, ta faɗa a gaban kyamara cewa wasa ne da maza suka kankane, kuma ta san wasu daga cikin masu dokin sun so a sauke ta a ba wani. Ka ga ke nan da an bi ra'ayin waɗancan masu kuɗin da ba a ga wannan rana ba. Sai da aka ƙara shekara 10 kafin wata macen, Jamie Melham, ta sake cin kofin a 2025.

Akwai kuma wata mashiga da take cinye mata da yawa, ita ce ƙarshen koyo. Ɗan koyo ana rage wa dokinsa nauyi don masu horarwa su ji kwaɗayin ɗaukarsa, a tseren fili na Birtaniya laba 7 ake ragewa har ya ci tsere 20, sai laba 5 har 50, sai laba 3 har 95, daga nan rangwame ya ƙare. Lokacin rangwame wayar yarinya ba ta hutawa, ranar da ya ƙare sai ta koma gogayya da manyan mazan da suka shekara 20 suna cin abinci tare da masu dawaki. Samari ma suna shan wannan wahalar, gaskiya ne, sai dai su ba a haɗa musu da shakkar jinsi.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce ka dubi abin da ke faruwa duk sanda wani ya daure ya ba mace dawakin kirki a jere, ba sau ɗaya don a gani ba. Julie Krone a Amurka ta ci tsere 3,704 a rayuwarta, ta ci babban tseren Belmont Stakes a 1993. Rachael Blackmore 'yar Ailan, mai horarwa Henry de Bromhead ya riƙe ta yana ɗora ta a kan mafi kyawun abin da ke bargarsa, a 2021 ta fi kowa cin tsere a bikin Cheltenham na Ingila da nasara 6, bayan 'yan makonni ta ci Grand National a kan Minella Times, tseren da ya kusa kilomita 7 da shinge 30, wanda shi ne ake kafa hujja da shi a ce ya fi ƙarfin mace, tun 1839 ake yinsa kuma sai 1977 mace ta fara shiga. Shekara ta zagayo ta ƙara da Kofin Zinare na Cheltenham a kan A Plus Tard. Hollie Doyle kuma wani attajirin Kuwaiti Imad Al Sagar ne ya ɗauke ta a matsayin mahayiyar dawakinsa a 2020, a 2022 ta ci masa babban tseren Prix de Diane a Faransa a kan goɗiyarsa Nashwa. Za ka iya cewa ai waɗannan fitattu ne, na yarda, to amma yawancin mazan da ke cika tsere kullum ba fitattu ba ne, matsakaita ne masu neman abincinsu, ni abin da ke damuna shi ne mace sai ta zama fitacciya sannan take samun abin da matsakaicin namiji yake samu a sauƙaƙe. Babbar sukuwar Kentucky Derby ta Amurka tun 1875 ake yinta, har zuwa karo na 150 a 2024 mata 6 ne kacal suka taɓa hawa a cikinta.

Faransa ta gwada wata dabara a 2017, ta ce duk dokin da mace ta hau a rage masa kilo 2, ban da manyan tsere, daga baya aka mai da shi kilo ɗaya da rabi a tseren fili. Nan da nan hawan da ake ba mata ya ƙaru sosai. Japan ma ta bi sahu a 2019. Wasu mahaya mata a Ingila sun ƙi abin, suka ce raini ne, kamar an yarda ke nan mace ba ta kai ba sai an tallafa mata. Ina ganin hujjarsu, kuma ni ma ba na son ya zama abin dindindin, sai dai ya nuna abu ɗaya ƙarara, matan suna nan a shirye tun da can, waya ce ba a buga musu. A Ostireliya da Niyu Zilan inda aka saba ganinsu a ƙananan filaye kullum abin ya fi sauƙi, Lisa Allpress sau 4 tana zama zakaran mahayan Niyu Zilan gaba ɗaya, maza da mata.

Tambaya: Anti ni tambayata ita ce aure da haihuwa fa? Ba shi ne yake fitar da su ba? Sannan ya suke yi da wurin canza kaya tunda duk maza ne?

Amsa: 'Yar uwa yana daga ciki, ba zan ɓoye miki ba. Mai ciki ba za ta daɗe tana tsere ba, faɗuwa a wannan sana'a ba a cewa ko za a yi, sai dai yaushe, motar asibiti ma bin su take yi a baya suna gudu. Kuma shekarun da mahayi yake kan ganiyarsa su ne dai shekarun haihuwa. Rosie Napravnik tana kan ƙololuwa a Amurka, ta ci Kentucky Oaks sau 2, a 2014 ta ci ɗaya daga cikin manyan tseren Breeders' Cup a kan Untapable, a wurin karɓar kyautar ta sanar cewa tana da juna biyu ta ajiye hawa, tana da shekara 26. Hayley Turner, mace ta farko da ta ci tsere 100 a shekara ɗaya a Birtaniya a 2008, ita ma da ta yi ritaya a 2025 ta ce haihuwa take jira. Matsalar ita ce tunda zaman kai ake yi, in kin tafi wata 10 babu wanda zai ajiye miki dawakinki, kafin ki dawo wani ya gaje su ya saba da masu su. Akwai waɗanda suka haihu suka dawo suka ci gaba da ci, amma daga ƙasa suke sake farawa. Sai dai kar a ɗora wa haihuwa komai, yarinya 'yar 21 da rangwamenta ya ƙare aka daina kiranta ba goyo ne ya hana ta doki ba.

Batun ɗaki kuwa kin taɓo inda yake min ciwo. Yawancin tsofaffin filaye an gina su ne lokacin da ba a tunanin mace za ta hau, sai daga baya aka yanka musu wani ɗan lungu. Masu kula da kayan mahaya, masu shirya sirdi da dalma da rigunan tsere, a ɓangaren maza suke zama, don haka shekara da shekaru mace in tana son kayanta sai ta ratsa ta inda maza suke tuɓewa. Hukumar sukuwar Birtaniya ta sa filaye su gyara wannan, aikin ya yi ta jan ƙafa. A 2021 kuma aka saurari ƙarar da Bryony Frost, wadda ta ci babban tseren King George VI Chase a 2020, ta shigar a kan wani abokin aikinta kan tsangwama da barazana, kwamiti ya same shi da laifi aka dakatar da shi wata 18, da ya ɗaukaka ƙara aka rage zuwa 10. Ta faɗa wa kwamitin yadda abokan aiki suka juya mata baya saboda ta yi magana, daga baya ma Faransa ta koma da hawa. Yarinyar da ke koyo tana kallon duk wannan, tana auna ko za ta iya.

Tambaya: Salamu alaikum Anti. 'Yata ce take son dawaki kamar me, ta ce in tambaye ki wai akwai musulma mai hijabi da ta taɓa yin irin wannan tseren?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, ki ce wa 'yata akwai. Sunanta Khadijah Mellah, 'yar unguwar Peckham a Landan, ta koyi hawa a wata ƙungiyar dawaki ta yaran unguwa da ke Brixton. A 2019 tana da shekara 18 ta shiga Magnolia Cup a filin Goodwood da hijabinta a ƙarƙashin hular kwano, a kan doki mai suna Haverland, 'yan watanni kawai ta yi tana koyon hawan dokin sukuwa ga jarrabawar gama sakandare ga azumi duk a lokacin, kuma ta ci. In faɗa miki gaskiya tseren na tara kuɗin agaji ne na mata waɗanda ba sana'arsu ba ke nan, ba irin su Grand National ba ne, amma ita ce ta farko mai hijabi da ta ci tsere a Birtaniya, kuma sanadinta aka buɗe wata makaranta a 2021 mai ɗaukar yaran da iyayensu ba su da doki ba su da hanya tana koya musu.

A Saudiyya ma a Fabrairun 2020 an yi gasar mahaya ta duniya a filin Sarki Abdul'aziz da ke Riyad, mata 7 maza 7, kuma a irin wannan gasa ƙuri'a ake jefawa a raba dawaki, ba mai doki ne yake zaɓar wanda yake so ba. Lisa Allpress ɗin nan da na ambata ita ta ci tseren farko, ta zama mace ta farko da ta ci tsere a ƙasar, kambun gasar gaba ɗaya kuma a ƙarshe hannun Sibylle Vogt 'yar Suwizalan ya koma bayan an soke nasarar wani doki da aka samu haramtaccen magani a jikinsa.

In har da gaske take, abin da za ki fara nema mata shi ne malamin hawa na ƙwarai da hular kwano mai inganci da rigar kariyar ƙirji, kar ta hau ko sau ɗaya babu su, kuma ta fara da doki mai sanyin hali ta koyi share shi da ɗaura masa sirdi da kanta tukunna, maganar gudu sai can gaba. Allah ya raya mana ita ya tsare.